Awa Goma Sha Bakwai

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne babban ɗan yayanka, wanda ya gaji garejin. Na san ba ka tsammaci takarda daga hannuna ba, kuma na san dalili. Na nemi lambar wayarka, aka ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka jin magana a waya sai dai a rubuto. Shi ya sa na ba direban da ke kai kaya garinku wannan.

Maganar taraktar nan ce da Baba ya saya a gwanjon sojoji shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Tana nan bayan gareji, jikin katangar masu yankan katako, lulluɓe da tamfol kamar yadda ya bar ta. Ƙannena sun ce a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su auna ta su yanka. Na roƙe su su ba ni wata huɗu in gwada tayar da ita, suka yarda da ƙyar.

Matsalar ita ce ban san ko wace irin halitta ce ba. Ba ta da abin ɗaga garma a baya kamar taraktar noma. Sai ƙugiya ƙatuwa a gaba, wata a baya, da dunƙulen ƙarfe a jikin tayoyin baya. Fitilunta ƙanana ne, kowace da 'yar hula a kai. Na kankare fentin rawaya na ga kore a ƙasa, da wasu lambobi farare a jikin bonet. Na nuna wa masu sayar da kayan gyara hoto, kowa ya kaɗa kai. Wani tsoho a cikinsu ya ce sai wanda ya yi aiki a garejin soja zai gane ta, kuma kai kaɗai na sani.

Ga hotuna shida na haɗa. In ka ga dama ka duba. In ba ka ga dama ba, ba zan ga laifinka ba.

Na gode. Ka huta lafiya.
Ɗanka.

*

Zuwa ga Injiniya, magajin gareji,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, gwargwadon yadda tsufa ya bari. Ka gaida mahaifiyarka, in tana karɓar gaisuwa daga wajena.

Na ga ka rubuta "ɗanka" a ƙasan takarda, sai da na sake goge tabarau. Ashe ina da ɗa a can? Ni dai wanda na sani wani dogo ne da ya tare ni a ƙofar gida ranar da aka binne yayana, ya ce mamacin ya bar wasiyya kada in tsaya a kansa. Kwana guda na yi a mota da wannan gwiwar, ko ruwa ba a ba ni ba, na juya. Mutane suna kallo, har da yaran da ba su kai jikokina ba. Ba na faɗa maka don ka ba ni haƙuri ba ne, ina faɗa ne don ka san ban manta ba, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tun da an raine ku da labarin daga baki ɗaya, ga nawa. Ina bakanike a garejin soja aka fitar da motoci gwanjo. Ni na yi wa wannan taraktar sabis da hannuna shekara shida, na san ta fiye da yadda na san wasu 'ya'yana. Na ce wa Yaya ya saya, zai riƙa jan kaya da ita a kamfanoni da tashar jirgin ƙasa, aikin da ba ya yankewa. Ya sayar da babbar motarsa ya saya. Aka ɗoro masa ita a tirela. Bayan sati biyu sai ga saƙo: wai na haɗa baki da masu gwanjo na liƙa masa gawa. Na rubuta masa takarda uku ina bayanin yadda ake tayar da ita, duka ukun suka dawo ba a buɗe ba. Na je da ƙafata, ya ce in na taka garejinsa sai ya fasa mini kai da sifana. Ka san halin ubanku, shi ne babba, shi ne gwani, ƙane ba ya koya masa juya noti.

Daga ranar na zama ɓarawon dangi. Ɗiyata ta yi aure, ba wanda ya zo daga gidanku. Matata ta rasu, ko saƙo babu.

Yanzu ga hotuna shida. To, na duba, tun da ido bai san fushi ba. Zan gaya maka ko wace ce, amma da sharaɗi ɗaya. Ranar da ta tashi, za ka tara mahaifiyarka da ƙannenka da duk maƙwabtan garejin da suka sha jin ana kirana maci amana, ka faɗa da bakinka a gabansu cewa lafiyayyar tarakta na nuna wa ɗan'uwana. Ba na son kuɗi, ba na son kyauta. Shekarata saba'in da huɗu, sunana kawai nake so a wanke kafin in bi shi.

In ka yarda, ka shiga ƙarƙashinta ta dama, inda injin ya haɗu da giya. Akwai faranti ƙarami da aka kafe da ƙusa huɗu. Kada ka sa masa sanfefa, za ka cinye rubutun. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka yi ta gogawa a hankali, ka rubuto mini abin da ka gani. Sannan ka ɗora sifana a kan notin gaban injin ka ja, ka gaya mini ko ya motsa.

Wassalam.
Baffanka, in har yanzu haka ne.

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan gwiwar ta yi sauƙi. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku.

Abin da na yi a ƙofar gida na yi shi, ba zan ɓoye bayan wasiyya ba. Amma ka sa kanka a matsayina. Ina aji uku a sakandare Baba ya cire ni, ya ce babu hali, in zo in riƙe masa sifana. Mun tashi daga gida mai ɗaki huɗu muka koma ɗaki biyu na haya. Duk ranar da tukunya ba ta hau wuta ba, Umma takan ce mu gode wa Baffa. Da wannan aka yaye mu. Ban taɓa jin wani labari ba sai naka na wancan satin.

Na yarda da sharaɗin. In ta tashi zan tara su in faɗa. In kuma na buɗe na tarar gawa ce, shi ma zan rubuto maka ba tare da kwana-kwana ba.

Na sami farantin. Kwana biyu na yi ina gogawa kafin rubutu ya fito. Na kwafe harufan da lambobin a takardar da ke haɗe da wannan, layi uku ne, na ƙarshen yana ƙarewa da 24. Akwai wani tambari kamar kibiya a gefe.

Ga abin da na gani kuma. Tayoyi huɗun sun tsage, sai an sake. Lagireto ya ci tsatsa ta ƙasa. Robobin ruwa duk sun bushe, in ka matsa sai su fashe. Kuloci ya manne, birki ba ya kamawa. Ɓeraye sun yi gida a bayan sitiyari sun ci wayoyi. Akwai wurin batir ɗaya a gefen injin, da akwatin kayan aiki ƙarƙashin kujera, Baba ya cika shi da tsummoki ya sa masa kwaɗo, ban sami makullin ba tukuna.

Batun injin kuwa, na ɗora sifana na ja, ya juya sumul. Na zaga da shi sau biyu ba inda ya cije. Na yi murna, don na ɗauka sai na zuba masa mai na jira wata guda. Na sa sabon batir na murɗa makulli, sai kik ɗin tayar da injin ya yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya yi shiru. Haka Baba yake kwatanta mana ta yi masa tun ranar farko.

Ina jiran amsarka. Ka gaida mutanen gida.
Ɗanka.

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa tana nan, ita ba ta yin fushi ta tafi.

Ita ce. Ba taraktar noma ba ce, ba ta taɓa ganin gona ba. Ta jan kaya ce a sansanin jiragen sama: tirelar mai, janareta, wani lokaci jirgin kansa in za a shigar da shi rumfa. Ƙarafan jikin taya don ta yi nauyi ne kada ta zame. Hular fitila don kada a hango haske daga sama. Lambar jikin bonet ni na fesa ta da hannuna, ka duba bakwai ɗin ƙarshe za ka ga ta ɗan karkata, ofisa ya zage ni a kanta.

Yanzu ka buɗe kunne, kai da naka ke aiki. Wannan 24 da ka gani shi ne duk rigimar. Motocin soja na wancan zamanin ba sa tashi da batir ɗaya. Biyu ake haɗawa, kan wannan da gindin wancan, wuta ta zama ashirin da huɗu. Abin da kake kira akwatin kayan aiki gidan batir na biyu ne. Masu gwanjo sun cire batiran da wayar da ke haɗa su kafin a sayar, haka suke yi wa kowace mota. Ubanku ya ga rami ɗaya ya sa batir ɗaya, kik ya yi gurnani, shi ke nan aka yanke mini hukunci. Abin da na rubuta masa ke nan a takardun da ya dawo da su. Layi biyar ne kacal.

Akwai kuma makunni bayan diddigen ƙafar hagu, mai jan hannu, shi ke yanke wutar gaba ɗaya. Ka tabbata ka murɗa shi. Kada ka tayar da ita sai ka wanke tanki, ka canza matatar mai, ka fitar da iska daga famfo. Wayoyin da ɓeraye suka ci ka ja sababbi masu kauri, kada ka sa na ƙananan motoci.

Amma akwai abin da ya hana ni sakat a takardarka. Ka ce injin ya juya sumul. Shekara arba'in na yi ina wannan aiki, ban taɓa ganin injin da ya kwana shekara talatin a waje, damina da rani, ya juya da sifana ɗaya ba. Shekara uku ma ta isa ringin cikin injin ya manne. Ko dai aljanu ke yi mata sabis, ko akwai magana.

Ƙarƙashin sitiyari akwai agogo mai lambobi, agogon awa. Injin ne ke juya shi, in injin bai tashi ba, ba ya motsi ko da za a tura ta zuwa bangon duniya. Ina da kwafin takardar gwanjo a jakata, na ajiye ta duk shekarun nan kamar mai jiran kotu. A ranar da ta bar hannunmu agogon yana kan 2114. Ka duba ka rubuto mini abin da yake nunawa yau.

Baffanka.

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum, da fatan alheri. Ka gafarce ni da jinkiri, aiki ne ya yi yawa.

An samu tayoyi, na hannu ne amma masu kyau. Mai walda ya toshe lagireto. Na sauke giya na raba kuloci, faifan bai mutu ba, wanki kawai ya so. Birki yana kamawa yanzu. Na ja wayoyi sababbi kamar yadda ka ce, na wanke tanki sau uku kafin ruwan ya fito fari. Na fara kankare rawayan, ina so in mayar mata da korenta. Na ga bakwai ɗin da ka ce, ta karkata kuwa.

Gilashin agogon ya yi duhu, ba a ganin lambobin sosai. Zan duba in na samu sarari.

Ka huta lafiya.
Ɗanka.

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Mutumin da ya kwana biyu yana goge faranti a ƙarƙashin mota ba zai rasa sararin goge gilashi ba. Ka ga lambar. Rubuto ta.

Baffanka.

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Gaskiyarka, na gani tun ranar da takardarka ta zo. 2131.

Na yi lissafin a ƙasa da yatsa, na goge, na sake yi. Awa goma sha bakwai. Na ce wa kaina wataƙila takardar gwanjon ce ta yi kuskure, ko direban tirela ya tayar da ita a hanya. Sai na ɗauko guduma na fasa kwaɗon akwatin nan na ƙarƙashin kujera. Ƙasan tsummokin akwai waya mai kauri, tsawon kamu biyu, da kan batir a kowane gefe. An naɗe bakinta da robar tsohon tiyub, an ƙulle da irin ƙullin da Baba ke yi, zagaye biyu sannan a cusa wutsiyar ciki. Shi ya koya mini wannan ƙullin, na sha mari a kansa. Ba wani bakanike a garin nan da ke yin irinsa sai ni da shi.

Ya gano ke nan, Baffa. Ban san yaushe ba, amma robar ta tsufa ƙwarai. Na je wajen tsohon mai gadin masu katako, na yi masa tambaya a kaikaice. Ya ce tun yana sabon zuwa, duk bayan 'yan watanni Baba kan sallami kowa da rana tsaka, ya ce zai yi lissafi, ya kulle ƙofar gareji. Injin yankan katako yana ta ihu, wa zai ji wani abu? Shi dai yakan ga baƙin hayaƙi ya taso ta bayan katanga na ɗan lokaci, ya ɗauka shara ake ƙonawa. Minti goma, minti goma sha biyar, don kada injin ya manne. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Shekaranjiya na haɗa batir biyu da wayar tasa, na murɗa jan makunnin, na taɓa makulli. Ko sau biyu ba ta juya ba ta kama. Ban yi murna ba. Na zauna a kan kujerar tana kaɗa ni, ina kallon agogon yana tafiya, na ji na tsani mutumin da na yi shekara biyu ina yi wa addu'a. Da ya fito da ita ya yi aiki, da na gama makaranta. Da Umma ba ta tsufa a ɗakin haya ba. Yana da abin da zai ciyar da mu a bayan gareji, ya gwammace mu kwana da yunwa da a ce ƙanensa ya fi shi gaskiya. Har ya mutu yana ba ni wasiyyar in kore ka, kuma na kore ka.

Ka yafe mini abin da na yi a ƙofar gida. Ba wanda ya sani tukuna, na kashe ta na rufe. Saura fenti da fitilu, sati uku in Allah ya so. Ranar zan tara su kamar yadda na yi alkawari.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a bakin ƙofa, na karanta, na shiga ɗaki na rufe. Jikata tana ta buga ƙofa wai abinci zai huce.

Na ɗauka in gaskiya ta fito zan ji daɗi. Shekara talatin da ɗaya ina cewa rashin sani ne, Yaya bai sani ba, da ya sani da ya zo. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da aka yi taron dangi ba a kira ni ba. Yau ka ƙwace mini shi. Yaya ya ji tausayin ƙarfe kada ya yi tsatsa, yana tashi yana duba shi duk bayan wata uku, ni kuwa da muka sha nono ɗaya ko layi biyu ban samu ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka.

Batun ƙofar gida na yafe. An ɗora maka kaya ne ka ɗauka.

Amma ka ji wannan da kyau. Tashin tarakta kaɗai ba zai wanke ni ba. Wata huɗu ka yi a kanta, kowa ya ga tayoyi da lagireto da fenti. In ka tayar da ita ka yi shiru, cewa za su yi ɗan ya fi uban iyawa, ya rayar da gawar da Baffa ya sayar. Abin da zai wanke ni shi ne agogon nan da wayar nan. Ka nuna musu su, ka faɗi adadin awa. Na haɗo maka takardar gwanjon, ka ɗora lamba kusa da lamba kowa ya gani.

Na san abin da nake nema. Ubanka ne, kuma yana ƙasa ba zai kare kansa ba. Mahaifiyarka za ta ji ciwo. Amma shi ya gama nasa, ni ina raye, kuma jikokina suna tambaya me ya sa ba su da dangi ta wajen kakansu. Ba zan zo ba, gwiwa ba za ta bari ba, kuma ba na so a ce na zo yi wa mamaci dariya. Ka rubuto mini yadda aka yi.

Allah ya yi maka albarka.
Baffanka.

*

Zuwa ga Baffanmu,

Assalamu alaikum Baffa. Ina wuni, ya jiki, ya ƙafa? Ni ce Auta, ƙaramar 'yar yayanka. Ba ka san ni ba sai a goye, yanzu kuwa 'ya'yana uku. Umma ce ta ce in rubuto, don Yaya ya ce aiki ya sha masa kai, sati biyu ke nan yana cewa gobe.

Baffa, tarakta ta tashi! Da ka ga taron. Yaya ya kira mu duka, da mazanmu da yara, da mai walda da masu katako da tsofaffin abokan Baba. Ya sa wa Umma kujera a inuwa. Da ya yaye tamfol sai da kowa ya yi salati, ta zama kore shar, fitilu suna ƙyalli kamar yau aka sauke ta. Ya hau ya taɓa makulli sau ɗaya ta kama. Yara suka watse da gudu, ɗana na tsakiya har ya bar takalminsa. Ya zaga da ita cikin gareji sau uku, ya ɗaura wata matacciyar bas a ƙugiyar baya ya ja ta kamar ba komai.

Umma ta yi ta kuka, ta ce ina ma Baba ya ga wannan rana, abin da ya gagare shi shekara talatin ɗansa ya yi a wata huɗu. Abokan Baba suna ta sa wa Yaya albarka. Da ya kashe injin ya miƙe a kan taraktar ya ce yana da magana. Ya daɗe yana kallon Umma, har na ɗauka kuka zai yi shi ma. Sai ya ce yana so kowa ya sani Baffa ya taimaka ƙwarai da shawara, da ba don kai ba da ba a gane irinta ba, kuma a daina ambatonka da mugun abu. Kowa ya ce madalla.

Mai walda, mutum ne mai baki, ya ce, "To wai dama can lafiyarta ƙalau, ko kuwa kai ka rayar da ita?" Yaya ya yi dariya ya ce, "Kai da ka toshe lagireto da hannunka kake tambaya? Wata huɗu fa na yi a ƙarƙashinta." Aka yi ta dariya. Gaskiya ya sha wahala, ba abin da bai canza ba. Har agogon da ke ƙarƙashin sitiyari sabo ya saka, ya ce tsohon ya lalace. Ya nuna wa yara yadda ya fara daga sifiri.

Ga babban saƙon. Da muka koma gida Umma ta tara mu ta ce duniya ba wurin zama ba ce, tun da ka taimaki ɗanta, abin da ya wuce ya wuce. Ta ce a gaya maka ta yafe maka abin da ka yi wa Baba, duniya da lahira, kuma mu ma duk mun yafe. Ta ce wataƙila kai ma cutarka masu gwanjon suka yi, ko kuma talauci ne ya sa, kowa yana kuskure. Ƙofa a buɗe take in ka samu ƙafa. Wallahi Baffa na ji daɗi, na daɗe ina so a ce muna da baffa kamar kowa.

Wani kamfani ma ya zo yana so ya ɗauki hayarta. Ka ga alheri ya fara shigowa.

Ka gaida yayyenmu da yara. Sai mun ji daga gare ka.
'Yarka, Auta.

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Takardar Auta ta iso. Na ji an yafe mini, ka yi wa mahaifiyarka godiya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubanka shekaru ya ɗauka kafin ya iya wannan shirun, kai a yini ɗaya ka ƙware, har da sabon agogo. Ka riƙe takardar gwanjon, ba ni da sauran inda zan kai ta. Ba zan gaya wa Auta komai ba, ba ni zan ɗauke maka wannan ba.

Na ce wa direban kada ya sake karɓo mini takarda daga hannunka.

Ka juye mata baƙin mai bayan awa hamsin, ka sake ɗaure notin tayoyi. Ita ba ta yi wa kowa komai ba.

Wassalam.
Ƙanen ubanka.